Ƙwaryar Lamba Sha Ɗaya

Shafi na 23

Daga Salima Magaji, 'yar Maiyama

Assalamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta turo min "ina ci gaban?" sau tara tun ban gama wanke-wanke ba. Ruwan shekaranjiya ne ya tafi mana da sabis, ba jan aji nake yi ba. Masu jin haushin Waliyyu, yau za ku same shi yadda kuke so, sai dai ban yi muku alkawarin za ku ji daɗin ganinsa a haka ba.

Sababbin shigowa, ku matso in gutsura muku. Waliyyu mai gyaran waya ne a Jega Sabon Gari, kuma shi ne shugaban Gasar Ƙwarya, inda samari da 'yan mata ke haɗa wasan waya cikin kwana uku su zuba a guruf, kowa ya buga na kowa ya yi sharhi. Ba a sa suna, lamba ake ba kowane wasa, ƙanwarsa Mufida kaɗai ta san mai kowace lamba. A ƙarshen kowane wasa akwai hoton ƙwarya rufe da faifai, sai wanda ya kai ƙarshe ke buɗewa ya ga abin da mai wasan ya ajiye a ciki. Kafin ka yi sharhi za ka gaya wa Mufida abin da ka gani, ita kuma ta tambayi mai wasan ko haka ne. Wanda ya yi ƙarya a kan ƙwarya, cire shi ake yi daga guruf. Jiya Waliyyu ya yi wa lamba sha ɗaya sharhi.

*

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da Mufida ta iso shagon. Waliyyu na duƙe kan wata waya da ta faɗa kwata, yana goge cikinta da tsohon buroshi. Ba ta zauna kan bencin da ta saba zama ba, bakin ƙofa ta tsaya.

"Yaya."

"Matsa, kin tare man haske."

Ba ta matsa ba.

"Lamba sha ɗaya, ka buga shi har ƙarshe?"

"Ba na hwaɗa maki abin da nig gani ba? Goro biyu."

"Ka hwaɗa."

"To sai mi?"

"Na tura ma mai wasan. Ya maido amsa yau da swahe."

Ta juyo masa da fuskar wayarta. Layi biyu ne kacal.

*Goro biyu na kowa da kowa ne. Na Waliyyu ba goro ba ne, bai kai ƙarshe ba.*

Ya yi wata 'yar dariya wadda shi kansa bai yarda da ita ba.

"Wane irin zance na wanga? Ƙwarya guda ta, abin ciki guda."

"Wasan shina tambayar suna tun hwarko. Mi kas sa?"

"Sunana mana."

"To yac ce in anka rubuta Waliyyu, abin da ac ciki daban na. Don kai ɗai yay yi shi."

Waliyyu ya ajiye buroshin.

Bari ni in gaya muku abin da bai gaya wa ƙanwarsa ba. Wasa goma sha tara aka zuba bana, ya buga goma tsakani da Allah. Da ya zo kan na sha ɗaya sai ya tarar da wani ɗan mutum yana tura babur a kan hanya. Babu gudu, babu abokin faɗa, babu maki, sai kukan kurciya da ƙarar silifa a kan ƙasa. Minti huɗu ya yi ya rufe abinsa. Washegari suna shan koko a tsakar gida ya leƙa ta kafaɗar Mufida daidai lokacin da ta ɗaga nata faifan, ya ga goro biyu, ya haɗiye tare da kokon. Ko jiran amsar mai wasan bai yi ba, don shi shugaba ne, ya shiga guruf ya rubuta:

*Lamba 11: Wannan ba wasa ba ne, tafiyar ƙafa ce. Zanen kamar na ɗan firamare, komai an yi shi ƙato-ƙato. Sauti ya yi yawa. Mai shi bai san abin da yake son faɗa ba, ya koma ya sake koyo.*

Wannan fa mutumin da ya koya wa yara cewa sharhi da abin da ya yi maka daɗi ake fara shi, sannan abin da ya karye, sannan shawara. Mutumin da in ka zuba linkin wasanka ba ka buga na mutum uku ba, kafin ka ƙifta ido ya goge. Ni da nake rubuta shi ma sai da na ji kunya.

"Wa ad da wasan?" ya tambaya.

"Ba a hwaɗin suna sai an ruhe gasa. Kai kas sa dokar."

"Mufida."

"Ba ni hwaɗi, Yaya. Amma ina ba ka labarin abin da kab bari baya."

Sai yanzu ta zauna.

"Minti na shidda, mai babur ɗin shina isa ga wata tsamiya. Nan za ka ga ashe ba shi ɗai ba na, akwai wani bayanai ɗauke da kaya bisa kai. In sun aje kayan sai ka ga laftof ta, an naɗe ta cikin buhun albasa."

Mufida ta ci gaba.

"Su zamna gindin tsamiyar su raba rake guda. Mai kayan shi ce gaɓa ukku nai, don shi ad da wuya. Mai babur ɗin shi ce a'a, shi ad da ƙahwa."

"Ya isa."

"Sai su tashi su ci gaba, har su hangi rudun albasa jere. Wata tsohuwa tana tsaye..."

"Na ce ya isa."

Ya juya mata baya kamar mai neman wani abu a kan kanta, amma babu abin da yake nema.

*

Shekara takwas ke nan. Lokacin suna ɗalibai a Aliero, shi da Ukasha ɗan Kuberi, ɗaki ɗaya, risho ɗaya, wani zubin har riga ɗaya in an gayyace su ɗaurin aure. Ukasha ne ya fara jin labarin wai a wasu wurare mutane kan kulle kansu kwana uku su fito da wasa. Suka ce su ma ai ba a fi su hannu ba. Wuri ne babu, sai goggon Ukasha da ke Jiga Birni, Inna Kyauta, ta ba su rumfar da ke kusa da rudun albasar mijinta, wato rumbunan da ake adana ta.

Ranar tafiya tayar babur ta yi faci tun ba su yi nisa ba, mai faci kuwa babu shi babu dalilinsa. Haka suka tura shi cikin ranar bazara, Waliyyu riƙe da kan babur, Ukasha ɗauke da laftof ɗin aro a ka.

Su biyar ne a rumfar nan, laftof biyu, da ɗan janareta mai tari wanda in ya gaji yake kashe kansa ba shawara. Warin albasa ya shiga rigunansu, ya shiga gashinsu, sai da suka yi sati a makaranta ana matsawa daga kusa da su. Wasannin da suka haɗa kuwa, yau ko ɗan sakandare ba zai nuna su ba. Amma Waliyyu bai ƙara yin dariya irin ta kwana ukun nan ba.

Rana ta uku da azahar Inna Kyauta ta fito da ƙwaryar fura rufe da faifai. Ta tsaya tana kallonsu. Kowa sai tura wa ɗan'uwansa nasa yake yi, a taɓa na wani sau biyu a ajiye, a ce to yanzu duba nawa. Ita ba ta san kan laftof ba, amma ta san rashin ta ido in ta gan shi. Ta dire ƙwaryar, ta ɗora dutse a kan faifan, ta ja kujera ta zauna.

"Ɗiyan ga, ku dut masu magana na, babu mai saurare. Wanda bai kai ƙarshen abin ɗan'uwanai ba, hannunai ba shi taɓa hwaihwan ga."

Sun ɗauka wasa take yi. Sai da la'asar ta kawo kai, ƙishirwa ta ishe su, kowa ya zauna ya buga na kowa har ƙarshe, sannan ta ɗauke dutsen. Daga ranar ƙwarya ta shiga cikin wasanninsu. Inna Kyauta ta rasu shekara biyar da suka wuce, gasar da aka fara da mutum biyar ta kai mutum saba'in, amma har yau ba a rufe wasa sai da hoton ƙwaryarta.

Shekara ɗaya bayan rasuwarta aka wayi gari Waliyyu ya cire Ukasha daga guruf. Ya ce Ukasha ya yi wa wasansa sharhi bai kai ƙarshe ba, abin da ya ce ya gani a ƙwarya ba shi ba ne. A lokacin mai wasa ake gaya wa kai tsaye, babu Mufida a tsakani, saboda haka ba wanda ya ja da shi. Tun daga nan ko a hanya ba su ƙara haɗuwa ba. Waliyyu yana kewar abokinsa, kewa mai tsanani, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Ukasha na," Waliyyu ya ce wa Mufida a hankali.

"Ni ban hwaɗi ba."

"Turo man linkin, yanzu za ni buga shi."

"Ya cire shi tun asuba. Na gwada, ba shi buɗewa."

"Ke ba ki da shi cikin wayakki?"

"Bisa intanet aka buga shi, Yaya, ba a saukewa."

Ya koma ya zauna kan kujerarsa.

"Yaya, in tambaye ka?"

"Mi?"

"Wancan karon, da gaske bai kai ƙarshen naka ba?"

Ya miƙa hannu ya zaro makullin babur daga jikin ƙusa.

"Ni ba ni iya cire ka, kai yayana na," in ji Mufida. "Amma ba ni iya ɓoye ma mutane saba'in. Na ba ka zuwa magariba."

"Ja man ƙohwar shago in kin tashi."

*

Daga Jega zuwa Maiyama kwalta ce, bai sha wuya ba. Da ya sauka ya kama hanyar Kuberi ne damina ta nuna masa halinta, taɓo har gwiwar wando, gero ya yi tsawo hagu da dama ya rufe duk alamun da ya sani. Sau biyu yana tambaya, shi da a da ko ido rufe zai kai kansa gidan su Ukasha. Ya yi sallar azahar a wani ɗan masallaci na bakin hanya, ya ɗaga hannu ya rasa abin da zai roƙa.

A zaure ya samu Ukasha, zaune kan tabarma ya jingina da bango, ƙaramar rediyo a gefensa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Waliyyu ya yi sallama.

Ukasha ya kashe rediyon.

"Wa alaikumus salam. Wali."

Shekara huɗu ba wanda ya kira shi da wannan sunan. Ya duƙa ya miƙa hannu. Ukasha bai karɓa ba, bai ma dubi hannun ba, fuskarsa na wajen ƙofa. Waliyyu ya janye abinsa a hankali ya zauna bakin tabarma. Ya san ya cancanci fin haka.

"An wuni lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ya damana?"

"Ta yi kyau, mun gode Allah."

"Ya iyali?"

"Rukayya tana ciki, lahiyatta lau."

Gaisuwa ta ƙare, ba sauran wurin ɓuya.

"Minti nawa?" in ji Ukasha.

"Na'am?"

"Minti nawa kay yi cikin wasan kahin ka ruhe?"

"Huɗu."

Ukasha ya yi murmushi.

"Na ce ma Rukayya biyat za ka yi. Ashe kyakkyawan zato niy yi ma."

"Ban san naka ba na, Ukasha. Wallahi da na sani..."

"Da ka sani da ka kai ƙarshe. To na wanda ba ka sani ba hwa? Shi ba mutum ba na? In da wani yaro na daga Aliero, wasanai na hwarko, yak kwana ukku bai runtsa ba, yat tashi yag ga shugaba ya ce shi koma shi sake koyo?"

Waliyyu ya sunkuyar da kai.

"Ya anka yi kas san sunana za ni sa?" ya tambaya, don dai ya samu abin faɗa.

"Kai? Kowa shina sa sunan wasa, wani Damisa, wani Sarkin Yaƙi. Kai tun muna Aliero ko wasan maciji za ka yi sai ka rubuta Waliyyu, awa mai cika takardar jarabawa."

Dariya ta kusa kuɓuce wa Waliyyu, ya danne ta.

"Naka na kwale-kwale," in ji Ukasha, "wanda kac cire ni a kai. Sau ukku na kai ƙarshenai. Shina mutuwa a mataki na ukku, in koma hwarko, in sake. Mi ac cikin ƙwaryakka?"

"Ukasha, don Allah."

"Hwaɗi."

"Ƙugiyar kamun kihi."

"Mi nit turo ma?"

"Ƙugiya."

"Mi kah hwaɗa ma mutane?"

"Na ce ba ka hwaɗi daidai ba."

"Don mi?"



"Sharhinka gaskiya na, dut. Ka hwara da yabo, ka hwaɗi inda yak karye, ka ba ni shawara. Amma shekarar nan ta sababbin yara sunka cika guruf, suna kirana oga. Sai ga ka kana cewa ka san na hi haka iyawa. Na ji awa ka tuɓe ni tsakiyar kasuwa. Na ce in cire ka kwana biyu in huce in maido ka. Kwana biyu yaz zama sati, sati yaz zama wata, sai niz zan ban san da wane baki za ni kira ka ba."

"Lambata ita ta dai. Ban sake ba."

"Na sani. Tana nan cikin wayata."

"Da wane suna?"

"Mai Gaɓa Ukku."

Fuskar Ukasha ta motsa. Ya shafa gemunsa, ya juya kai gefe.

"Zanen da kac ce na ɗan hiramare na," ya ce, "Rukayya tay yi shi. Ba ta taɓa zane ba a rayuwatta. Ta hannun Mufida munka shigar da wasan, ita tat turo muna sharhinka. Rukayya ta karanta, ta shiga ɗaki."

"Rukayya? Kai da zanenka ya hi na kowa cikinmu?"

Ukasha ya kai hannu ya gyara zaman rediyonsa.

"Maido linkin," in ji Waliyyu, "ko na awa guda na. In zamna nan gabanka in buga shi har ƙarshe."

"A'a."

"To hwaɗa man abin da kas sa man ciki."

"Inna ta ɗauke ma dutse kahin ka ƙare? Ni ma ba ni ɗaukewa."

Wata akuya ta leƙo zauren ta koma. Daga cikin gida ana jin daka. Waliyyu ya ga in ya tashi a haka, ya tashi ke nan, ba zai ƙara samun ƙafar dawowa Kuberi ba. Ya zaro wayarsa, ya ɗaga ta sama yana neman sabis, ya samu sanda biyu. Ya buɗe guruf.

"Mi kaka yi?" in ji Ukasha.

"Saurara, in karanta ma."

Ya rubuta yana karantawa a fili, kalma bayan kalma.

*Ni Waliyyu na yi ƙarya a kan ƙwaryar lamba 11. Minti huɗu na buga, abin da na faɗa a wayar wani na leƙa. Sharhina ba shi da tushe, na janye shi, ina neman gafarar mai wasan da wadda ta yi zanen. Kuma shekara huɗu da suka wuce na cire Ukasha Kuberi a kan ƙarya. Ya kai ƙarshen wasana, abin da ya faɗa daidai ne. Ni ne maƙaryacin. Doka ta hau kaina.*

Ya tura tun zuciyarsa ba ta hana shi ba. Nan take ya ga mutane sun fara buɗewa, biyar, sha biyu, ashirin, babu wanda ya ce uffan. Ya nemo Mai Gaɓa Ukku ya mayar da shi cikin guruf, ya kuma ɗora shi admin.

"Na maido ka. Na ba ka ikon cire kowa. Mufida ba ta iyawa, kuma ba ita niz zalunta ba. Kai za ka yi."

Waya ta yi ƙara a aljihun Ukasha. Ya laluba ya fito da ita, ya shafa fuskarta da yatsa. Sai wata muryar mace ta tashi daga ciki, tana karanta duk abin da yatsan ya taɓa da Turanci, da sauri kamar mai kiran farashi.

Waliyyu mai gyaran waya ne. Ya san wannan muryar, ya sha kunna ta da hannunsa, ya kuma san irin mutanen da ake kawo wa waya a ce a kunna musu ita.

Ya ɗago ya dubi abokinsa da kyau, abin da kunya ta hana shi yi tun shigowarsa. Idanun a buɗe suke, suna kallon ƙofa, wurin da haske ya fi yawa.

"Ukasha."

Ukasha ya karkato kunne wajensa.

"Hannun da nim miƙo ma ɗazu, ka gane shi?"

"Ka miƙo hannu?"

Hawaye ya zubo wa Waliyyu, bai ko yi ƙoƙarin sharewa ba. Ƙofar cikin gida ta motsa, Rukayya ta shigo cikin hijabi da kwanon ruwa. Da gani ta daɗe tsaye a bayan ƙyauren. Ta dire kwanon a gaban baƙon ba tare da ta gaishe shi ba.

"Shekara guda da rabi ke nan," ta ce. "Mun tai Birnin Kabi, mun tai Sakkwato. Idon hagu ya tahi baki ɗai. Na dama inuwa-inuwa ɗai yaka gani, kuma sun ce shi ma shina bisa hanya."

"Rukayya, shiga ciki."

"Shi ka hwaɗi, ni ka rubutawa. Kwana ukku. Komi ƙato niy yi shi don shi iya hango abin da niz zana. Sautin da kunka ce ya yi yawa, da shi yaka gane inda anka kai."

"Na ce ki shiga ciki."

"Yi haƙuri Malam, sai na hwaɗi. Muryatai ta cikin ƙwaryakku. Ba zagi, ba tone-tone. Cewa ɗai yay yi, Wali zo in gane ka tun da sauran gani. Kullum in yaj ji babur sai shi ce in leƙa."

Waliyyu ya kifa fuskarsa a tafin hannunsa. Kafaɗunsa na rawa, wayarsa a kan tabarma sai ƙara take yi, mutanen guruf sun farfaɗo, bai ko kalle ta ba.

"Tunda kin ƙi shiga," in ji Ukasha, "zo nan. Kashe muryag ga, ta cika surutu."

Ta durƙusa gefensa ta kashe.

"Buɗe sunayen mutanen guruf."

"Na buɗe."

"Kama yatsana ki ɗora bisa sunanai."

"Malam..."

"Ɗora."

Ta kama yatsan mijinta ta kai shi kan sunan Waliyyu, ta danna.

"Mi yah hito?"

"Abubuwa huɗu."

"Ina cirewa?"

"Ita ta ƙasa."

"Kai ni."

Ta saukar da yatsan har kan layin ƙarshe, ta sake shi yana shawagi, tsakaninsa da gilashin bai kai kaurin ƙwayar gero ba.

Ukasha ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashin abokinsa.

"Wali, tambaya guda za ni yi ma. Ka yi man ƙarya sau biyu, kak ka ƙara ta ukku."

"Ina jinka."

"Da ban kama ka ba, da ka zo?"

Waliyyu ya buɗe baki. Ya san amsar sarai, kuma ya san ba ita ce za ta ɗauke yatsan nan daga kan sunansa ba.